Ranar da Mudi ya taya gidan Madam

Mudi ne ya fitar da mu daga gidan Madam. Alhaji Mudi ɗan Gwaggo Asabe, wanda kuke durƙusawa kuna ce wa Baba. Na gaya masa magana a asirce, ta jini da jini, shi kuwa ya kwashe ta ya zube a gaban tsohuwar da ta riƙe mu shekara da shekaru, ya nuna ni da yatsa ya ce ga wanda ya faɗa. Ke Hafsa na san abin da ke ranki, kin ɗauka gulmar uwar ɗakina na yi aka kore ni. Kai kuma Nura ba ka taɓa tambaya ba, sai dai ka tashi ka bar falo duk lokacin da aka ambaci gidan. To ku ji yadda aka yi. Karatuna bai yi nisa ba, ban iya yi wa magana kwalliya ba.

Kafin a haife ku ina tura gadon marasa lafiya a wani asibiti a unguwar Whitechapel, a Landan. A nan na haɗu da mijin Madam, an kawo shi aikin ƙugu. Tsoho ne mai tsiya, kowa ya taɓa shi sai ya yi masa tsawa. Wata rana ina tura shi ya tambaye ni me nake yi a ƙasarmu, na ce lambu, a fadamar Kura na tashi, tumatir da albasa. Ya kalli hannuna ya daɗe yana kallo. Da aka sallame shi ya aiko a neme ni, ya ba ni aikin lambunsa. Haka muka bar ɗaki ɗaya a Tottenham, ni da uwarku Rakiya, muka koma ƙaramin gidan da ke bakin ƙofar shiga gonarsu, can bayan inda layin tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya ƙare. Bai daɗe ba ya mutu, ya bar mu da matarsa.

Ku kun san gidan a matsayin inda kuka koyi keke, ni kuwa na san shi kamar yadda mutum ya san jikinsa. Jan bulo ne, an gina shi zamanin da sarakunan Ingila ke jera sunan Joji, shi ya sa Turawa ke ce wa irin ginin Jojiyan. Ƙofa a tsakiya, tagogi dama da hagu daidai wa daida, har da wasu da aka toshe da bulo aka bar siffarsu don kada gefe ɗaya ya fi ɗaya. Tagogin ba buɗe su ake yi ba, ɗaga su ake yi sama, akwai igiya da dalma a ɓoye cikin katako suna riƙe da su. Na canja igiyoyin nan har na gaji. Daga falo in ka duba waje ba ka ganin shinge, sai ciyawa ta miƙe har bakin tafki, tumaki suna kiwo kamar za su shigo ɗaki. Ashe rami aka haƙa mai tsawo aka gina masa bango a ciki, dabba ba ta haye shi, ido kuma ba ya ganinsa. Mutanen da suka yi wannan ba sa son ko shinge ya tare musu gani. Da asuba in na idar da salla nakan tsaya a nan, tururi na tashi daga kan ruwa, babu ƙarar mota, babu kowa. Ni da na zo Landan da jaka ɗaya, a wurin nan ne kaɗai na taɓa jin ƙirjina ya buɗe.

Kada ku ɗauka Madam waliyyiya ce. Mace ce mai maƙo. Ɗaki ɗaya take ɗumamawa a duk gidan, ƙaramin da ke kusa da kicin, tana zaune cikin rigar sanyin mijinta. In tuffa ta nuna sai ta zagaya ta duba wadda tsuntsu ya fasa ta ce mu ɗauki wannan. Amma ita ta ba ni rabin ɗakin gilashin lambu na shuka yakuwa da tattasai da kuɓewa. Ranar da Rakiya ta kai mata miyar yakuwa ta sha cokali ɗaya, ta yi ta tari har hawaye, ta share ido ta ce a ƙara mata. Da aka haife ki Hafsa ita ta tuƙa uwarki asibiti da tsohuwar motarta, tana zagin duk direban da ya sha gabanta. Kaka kuke ce mata, kuma tana amsawa.

Shekarar da ta fara kasa hawa bene ɗanta ya zo daga Landan ya ce sai an sayar. Ba mugu ba ne, gidan ne ya fi ƙarfinsa. Madam ta same ni ina yankan furanni ta gaya min da bakinta.

"Haladu, za a sa gidan a kasuwa. Na gaya wa dillali ba zan sallama wa kowa ba sai wanda zai bar ka a inda kake. Yara suna makaranta a nan."

Na yi mata godiya, amma hankalina bai kwanta ba. Masu saye suka fara zuwa. Wasu suna auna falo suna maganar wurin biki, wasu suna lissafin flat nawa, wato ƙananan gidajen haya, zai bayar in an yayyanka. Ina bin su da ido daga cikin lambu. Babu wanda ya dubi ƙaramin gidanmu sai wata mata, ita ma cewa ta yi zai yi kyau da ofis. Na san tsohuwa ce ta yi alkawari, amma ɗanta ne zai sa hannu, kuma sanyi na tafe.

A nan Mudi ya faɗo min a rai. Ku da aka haifa a nan sai na yi muku bayani. Uwarsa ƙanwar babana ce, wato shi taubashina ne, abokin wasa. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, don haka tun muna yara bawa nake ce masa, ya zage ni in zage shi, ba mai fushi. Tabarma ɗaya muka kwana a zauren kakanmu. Shi ya shiga kasuwa, daga Kantin Kwari ya koma kwangila, Allah ya buɗa masa. Duk bazara yana zuwa Landan, yana da flat a tsakiyar gari. Na ce in Mudi ya saya shi ke nan, gida ya zama na dangi, zai riƙa zuwa wata ɗaya a shekara, ni in ci gaba da riƙe masa.

Rakiya ba ta yarda ba. Tana wanke-wanke, ko juyowa ba ta yi ba.

"Baban Hafsa, kada ka kawo dangi wurin da muke cin abinci."

"Mudi ne fa."

"Ai don Mudi ne na faɗa. Mutumin da ya zo sunan Nura ya ce ragon da ka saya akuya ce aka yi wa aski?"

"Wasa ne wannan."

"Kai ka san wasa ne. Turawa ba su da taubashi."

Na ƙi ji. Na hau tube na same shi a flat ɗinsa, yana kishingiɗe yana cin inabi. Na nuna masa hotunan gidan a waya, nan take ya tashi zaune.

"Kai Haladu! A nan kake shara? Ashe ubangidan nawa bara yake a fada."

"Rufe min baki, bawa. Za ka saya ko surutu za ka yi?"

"Har da tafkin?"

"Har da tafkin, da gona, da daji."

Ya daɗe yana jan hoton da yatsa. Sannan ya ajiye wayar, ya daina dariya.

"To ɗan'uwa, tsakaninka da Allah. Ina aibinsa?"

Wannan tambayar ce duk abin ya rataya a kanta, kuma har gobe aka sake yi min ita haka zan amsa. A yadda aka rene mu, ba ka barin ɗan'uwanka ya sayi rago mai ciwo kana tsaye kana kallo, kuma addini bai yarda a ɓoye aibin kaya ba. Ya haɗa ni da Allah. Sai na gaya masa. Na ce indararon dalma na gefen gabas ya tsage, ruwa na bin bango. Na ce katakon ƙarƙashin matakala ya fara ruɓewa, ɗakin ƙasa kuma yana cika da ruwa in damina ta yi ƙarfi. Na ce akwai tabo a silin na babban falo, ɗan Madam ya sa na shafe shi da fenti kafin mai hoto ya zo. Ya tambaye ni ko suna cikin matsi, na ce tsohuwa ba ta iya ɗumama gidan, da rigar mijinta take kwana, ba za ta so ta sake cin wani sanyin a ciki ba.

"Wannan kunnenka kaɗai, Mudi. Ka san abin da za ka gyara ne, ba don wani abu ba."

"Haba Haladu. Ni yaro ne?"

Aka sa masa ranar zuwa ganin gidan ta hannun dillali. Da na gaya wa Madam ɗan'uwana ne, sai fuskarta ta saki, ta ce ashe za ta bar gidan a hannun mutanen da ta sani. Ranar ta sa na kunna wuta a murhun babban falo, wanda rabon da a kunna shi tun mutuwar mijinta. Ta cire rigar sanyin nan ta sa shuɗiyar riga da sarƙa. Ta fito da kofunan da ba ta bari kowa ya wanke sai ita.

Mudi ya iso da rana, cikin babbar riga, da wani abokinsa mai riƙe masa waya. Ya tsaya a gaban ƙofa aka ɗauke shi hoto, ya hau matakala aka ɗauka, ya dafa murhu aka ɗauka. Na ga idonsa, gidan ya shige shi, wannan ba zan yi masa ƙarya ba. Kuma abin da ya kashe mu ke nan. Ɗan kasuwar Kano in kaya ya shiga ransa, abin da zai fara yi shi ne ya kushe shi. Ya ja tsaki, ya juya shi, ya ce wannan ai ya kwana biyu, sannan ya taya da wulaƙanci. Mai kaya ya ce albarka, a yi dariya, a ƙara, a haɗu a tsakiya. Haka ya sayi komai a rayuwarsa. Bai san nan ba a yi wa mai gida tayi a fuska ba, ta bakin dillali ake aikawa bayan an tafi. Ni kuma ban gaya masa ba, don ban taɓa zaton sai an gaya wa mutum ba.

Na shigo da itace a hannu na tarar sun zauna. Madam ta zuba masa shayi. Dillali, wani saurayi mai ƙyallin takalmi, yana bayanin wanda ya zana lambun. Mudi ya katse shi. Ya shaƙi iska ya yamutsa fuska, ya miƙa hannu ya ƙwanƙwasa bango. Da Turancinsa na kasuwa ya yi magana, da ƙarfi, yana murmushi.

"Mama, gidan nan ya gama yawo. Gawa kuke sayarwa. Ruwa ta sama, ruwa ta ƙasa, matakala ta ruɓe."

Madam ta ce gida ne tsoho, kowa ya sani, kuma za a kawo mai duba gini ya rubuta komai.

"Mai duba gini? Ina da nawa." Ya juyo ya nuna ni. "Haladu, ina wurin da ka ce ka shafe da fenti? Nan ne ko can?"

Dillali ya ɗaga kai ya kalli silin. Ni ina tsaye, itace a ƙirji. Na yi masa magana da Hausa, a hankali.

"Mudi, ka bari."

"Kai dai yi shiru, ka ga aiki." Ya koma Turanci. "Ɗan'uwana ne, ya gaya min komai. Ya ce ko wuta ba kya iya biya, da kwat ɗin mijinki kike kwana. To ni taimakonki zan yi. Rabi zan bayar, yau ɗin nan, ki huta da sanyi."

Ya jingina yana jiran a ce albarka.

Madam ta ajiye kofinta, ko ƙara bai yi ba. Ta kai hannu ta taɓa sarƙar wuyanta. Ba ta kalli Mudi ba, ni ta kalla.

"Na gode, Haladu. Ajiye itacen. Ba sai an ƙara ba."

Ta miƙe ta dafa sanda ta fita. Na raka Mudi mota, shi kuwa dariya yake, har da dukan kafaɗata.

"Ka ga yadda ta tashi? Ta ji a jikinta. Kafin Juma'a za ta kira."

Ba ta kira ba. Shi ma bai sake nema ba, ya hau jirgi ya tafi, na ji daga baya wani gida ya saya a Dubai. Hotunan dai sun zaga dangi, har Gwaggo Asabe ta bugo tana min barka, wai ɗanta ya sayi fada a Ingila ya ba ni gadi.

Ɗan Madam ya zo ƙarshen mako. Bai ɗaga murya ba. Ya ce dillali ya gaya masa komai, ba zai iya barin mutumin da ke kai maganar cikin gida waje ba alhali ana ciniki, ya ba mu lokaci mu nemi wuri. Maganar fenti ce ta ƙona shi, na sani, don shi ya sa ni. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni Madam ta daina zuwa lambu. Tumatir ya nuna, na ajiye mata a ƙofar kicin, washegari na same shi a inda na bar shi. Ana jibi za mu tashi na ƙwanƙwasa ƙaramin ɗakinta. Tana cikin rigar mijinta. Na fara bayani, na ce a wurinmu in ɗan'uwa ya haɗa ka da Allah dole ka faɗa, na ce so nake gidan ya zauna a hannun wanda zai bar mu kusa da ita. Ta bar ni na gama.

"Duk abin da ka faɗa gaskiya ne. Rufin da matakalar, da ma za a gani. Maganar rigar ce, Haladu. Kai kaɗai ke shigowa nan da safe. Ko ɗana bai sani ba."

Na juya zan fita. Ta ce in gaida yara, in bar makullin ɗakin gilashi a kan taga.

Sauran kun sani. Council, wato hukumar yankin, ta ba mu wannan flat ɗin a Dagenham, hawa na uku, na koma tura gado. Madam ta ƙare a gidan kula da tsofaffi, a can ta mutu, ba wanda ya gaya min sai bayan an binne ta. Waɗanda suka sayi gidan kuwa miji da mata ne masu yara, ba otal suka yi ba, ba flat ba. Zama suka yi. Suka nemi mai lambu suka sa shi a gidanmu na bakin ƙofa. Da na kama bakina na jira, da ni ne. Nakan hau bas wani lokaci in ba ni da aiki, in sauka a kan hanya in taka har ƙofar. Ba na shiga. Labulen ɗakinku kore ne yanzu. Daga nan ana hango saman ɗakin gilashi, ina tsayawa ina tunanin ko me suka shuka a gefena. Yakuwa tana zubar da iri, mai yiwuwa tana fitowa da kanta suna cirewa a matsayin ciyawa.

Bazarar da ta wuce aka sake sa gidan a kasuwa. Ke Hafsa kika gani a waya kika miƙo min. Na yi ta kallon hotunan. Sun gyara silin, sun sare bishiyar da kuke lilo. Ban san wanda ya kai wa Mudi labari ba, sai ga shi ranar wata Asabar, kuna wurin aiki, ya hawo bene yana haki, da ledar kilishi a hannu. Rabona da shi tun ranar nan. Ya yi furfura, ya yi tumbi. Rakiya ta gaishe shi ta kawo shayi ta koma kicin ta bar ƙofa a buɗe.

"Ubangidana! Bawanka ya zo gaisuwa. Wai har yanzu fushi ake? An ce gidanku ya sake fitowa. Tashi mu je mu taya, wannan karon kai za ka yi magana."

Ya yi dariya shi kaɗai. Da ya ga ban taya shi ba sai ya gyara zama.

"Haba Haladu. Ciniki ne fa. Ban zage ta ba, ban daki kowa ba. Ƙarshenta ma ban saya ba, me na ɗauka na wani?"

Na ce ya taso. Na kama hannun rigarsa na kai shi taga, na ɗaga labule. Kun san abin da ke wurin, bangon garejin maƙwabta da jerin kwandunan shara.

"Duba da kyau, Mudi. Nan nake tsayawa in na idar da sallar asuba. Ka ce ba ka ɗauki komai ba. Tsohuwa ta kunna maka wutar da ba ta kunna wa kanta, ta sa rigarta mai kyau, ka tuɓe ta a gaban baƙo da bakina. Ta mutu tana ganin ni na yi. 'Ya'yana sun girma suna ganin ni na yi. Ba na son kilishinka, ba na son haƙurinka, ka makara. Shanye shayinka, don Rakiya ta riga ta zuba, ka sauka. In ka ji na mutu ka zo jana'iza, ba zan hana ka lada ba. Amma ka tsaya a sahun baya ka kama bakinka. Kada ka ce komai a kaina, ko alheri ne."